Mazan Jiyan Titin Gwarzo da Abin da Suka Dawo da Shi

Duk wanda ya saba bin titin Gwarzo ya san wurin. Ka baro Kabuga, ka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, kafin ka kai Rimin Gado sai ga barikin Janguza. Direba ya rage gudu, hira ta ɗan lafa a mota har a wuce shinge. Daga nan sai gonaki da ƙauyukan ƙasar Kabo, sai Gwarzo, hanya ta miƙa zuwa Dayi a ƙasar Katsina. Ta wannan hanya samarinmu suke bi su tafi soja tun kafin a zuba mata kwalta, ta ita kuma waɗanda kwanansu ke gaba suke dawowa. Tafiyar tana da kiɗa da waƙa da masu rakiya. Dawowar ce ba wanda ya tsaya ya ji labarinta, kuma ita nake so in bi sawunta.

A unguwar da na tashi akwai wani tsoho da muke ce wa Baba Saje. Ya yi yaƙin Bama. Wurin zamansa ɗaya ne, dakalin ƙofar zaurensa, kuma ban taɓa ganinsa ya zauna ba tare da ya jingina bayansa da bango ba. In an yi taron suna ko ɗaurin aure, sai ya zagaya ya nemi kusurwar da zai riƙa ganin duk mai shigowa. Ranar hawan salla, lokacin da 'yan bindiga suke sakin bindigar toka, gari kaf yana waje, shi yana cikin ɗaki ya turo ƙyaure. Da damina kuwa, in hadari ya haɗo aka fara tsawa, matarsa takan kori jikoki zuwa maƙwabta. Mu yara ba mu san dalili ba. Abin da muka sani shi ne in muka yi masa "lef-rai, lef-rai" daga nesa, wata rana ya yi dariya ya sara mana, wata rana kuma ya zuba mana ido kamar bai taɓa ganinmu ba. Manya sukan ce a ƙyale shi, Bama ce ta motsa. Har yau ina jin kunyar wannan tsokanar da muka yi masa.

Kafin a zo kan Bama, ya kamata a tuna cewa yammacin Kano ba baƙon yaƙi ba ne. Kalmar basasa da muke jingina wa yaƙin Biyafara, Kanawa sun riga sun san ta tun rikicin Tukurawa da Yusufawa na 1893 zuwa 1895, wanda ya ƙare da Alu a kan gadon sarauta, Tukur kuma ya rasa ransa. Tsohuwar nan Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta daga bakinta a wajen 1949 da 1950, ta yi zancen Zarewa da garuruwan da ke kudu da mu, yadda mahara ke faɗo wa mutane a gona su kwashe mata da yara, da yadda dangi ke tara dukiya su je fansa. Abin lura shi ne, shaidar yaƙi mafi tsawo da ta fito daga bakin talakan wannan yanki har ta shiga littafi, ta mace ce, kuma sai da baƙuwa ta zo ta zauna da alƙalami sannan aka same ta.

Da yaƙin Hitila ya ɓarke a 1939, Turawa sun nemi mutane, kuma hanyar nemansu ita ce hanyar karɓar haraji. Razdan ya gaya wa sarki, lokacin Sarki Abdullahi Bayero ne a Kano, sarki ya gaya wa hakimai, hakimi ya kira dagatai, dagaci ya kira masu unguwanni. In umarni ya sauko har ƙasa, ba ɗan mai hali yake faɗa wa ba. Akwai waɗanda suka tafi da ƙafarsu, don kaki da albashi da son ganin duniya, akwai masu gudun bashi ko wani abin kunya, akwai kuma waɗanda aka nuna da yatsa kawai. A shekarun 1942 zuwa 1944 an haɗa da ɗiban mutane na tilas zuwa haƙar kuza a Jos, ga kuma matsin a noma gyaɗa. Sararin Kano kuwa ya cika da rugugin jiragen da ke tasowa daga Takoradi su sauka su sha mai, su wuce Maiduguri da Hartum zuwa Masar. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939 Abubakar Imam yana edita, ita ke kawo labarin fagen fama ga masu karatun boko, su kuma su karanta wa sauran jama'a.

Rundunar da aka zuba su ciki ita ce ta Afirka ta Yamma, wadda harshen aikinta Hausa ne. Da farko an kai wasu Gabashin Afirka su kara da Italiya. Su ne suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, suka nausa har cikin Habasha. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka loda su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Bama su fuskanci Japan. Tambarin runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne, wato Gizon tatsuniya a irin ta mutanen Gana. Tambarin ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Wannan gammon ba ado ba ne. A dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan ba hanyar mota, don haka dubban sojojinmu 'yan dako ne, a ka suke ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa, da yawansu ba ko bindiga sai adda. Abinci daga sama ake jefo musu shi da laima. Wasu bataliyoyin Nijeriya kuma an haɗa su da dakarun Janar Wingate da aka sauke a bayan abokan gaba a 1944. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓi Myohaung.

Sunayen waɗannan wurare suna nan tare da mu, sai dai mun manta daga ina suka zo. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, na Chindit a Zariya, na Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, duk daga Bama aka kwaso su. Sunayen waɗanda suka faɗi a can kuwa, wasunsu suna rubuce a jikin dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, sunaye irin namu, inda ba wani ɗan'uwa da zai je ya tsaya a kansu ya yi addu'a.

Baba Saje yakan ba da labarin Bama, amma akwai iyakar da ba ya ƙetarewa. Zai gaya maka ruwan da ake yi kwana da kwanaki ba ɗaukewa har fatar ƙafa ta ruɓe a cikin takalmi. Zai gaya maka matsattsaku da ke shiga ko'ina a jikin mutum, da dajin gora da ba ka ganin wanda ke gabanka da taku biyar, da buhun shinkafa da ya faɗo daga jirgi. Zai kwaikwayi Hausar Baturen hafsansu har mu yi ta birgima don dariya. Da wani ya tambaye shi ko ya kashe mutum, ko ya tambayi abokin da suka tafi tare daga garinmu, sai ya ce lokacin salla ya yi, ya ɗauki buta. Sau ɗaya na ga cikin akwatin ƙarfensa, ranar da aka fito da shi shan iska. Akwai lambobin yabo da ƙyallensu ya koɗe, da ɗan littafin sallama da gara ta ci gefensa, da wata laya da zufa ta mayar baƙa ƙirin.

Abin da ya ƙi faɗa, wani ya faɗe shi a madadinsa. Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga wajen Owo, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka sa shi aikin jinya. A watan Maris na 1944 Japanawa suka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan. Harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi cikin gawawwaki. Shi da wani Basaliye, David Kargbo, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ɓoye su a gidansa yana ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in aka gane kashe shi za a yi. Fadoyebo ya rubuta abin da ya same shi, daga baya ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun labarin har ya gano iyalan Shuyiman a 2011, ya kai musu wasiƙar godiya. Fadoyebo ya rasu a 2012. Shi ya yi makaranta, ya iya riƙe alƙalami. Na Getso da na Kutama da na Garo da suka kwana a wannan dajin, ko sun iya ajami ba wanda ya ce musu labarinsu abin rubutawa ne. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda ya fitar da ƙagaggen labarinsa kan yaƙin Bama a 2007 da yaro Bahaushe a matsayin tauraro, ya sha faɗa cewa mahaifinsa ya dawo daga yaƙin ne a ɗaure saboda taɓin hankali.

Hukuma ta san da wannan ciwo tun a lokacin. A 1944 aka buɗe wani tsohon kurkuku a Lantoro, Abekuta, don tsare sojojin da aka dawo da su hankalinsu ya gushe. Daga wannan tushe ne asibitin Aro ya taso, inda Dokta Thomas Lambo ya yi suna. Wanda ciwonsa bai kai a ɗaure shi ba kuwa, sai a ba shi 'yan kuɗin sallama da tikitin jirgin ƙasa. Yawancinsu a 1946 suka iso gida. Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Aka yi kiɗa, aka yi guɗa, mako biyu ya wuce, mutum ya koma gonar da ya bari, da abin da ke cikin kansa.

Mu kuma muna da namu sunayen. Mukan ce iska ta shafe shi, ko ya gamu da aljanun dajin can, ko jinin wanda ya kashe ne ke binsa, ko kuma an yi masa jifa. A kai shi wurin malam a yi tofi, a ba shi rubutu, a turara masa hayaƙi. Wasu a kai su wurin 'yan bori. In ya fara duka, a sa masa mari. Ba na raina wannan ƙoƙari, domin iyalai sun yi iya abin da suka sani, kuma addu'a ta riƙe mutane da yawa da ba don ita ba da sun faɗa rijiya. Sai dai duk waɗannan sunaye sun ɗauke laifin daga kan yaƙi sun ɗora wa aljani. Kunya da jarumtaka suka ƙarasa sauran aikin. Namiji ba ya kuka, soja kuwa ai gaba yake da namiji. Wanda ake yi wa kirari da mazan jiya, ta yaya zai buɗe baki a majalisa ya ce tsawa tana sa shi fitsari a wando?

Wadda ta san gaskiya ita ce matar. Ita ke jin ihun tsakar dare, ita ke ɓoye wuƙa da taɓarya, ita ke shan shaƙa a hannun mutumin da ya farka bai san a ina yake ba, da safe kuma ta ce wa maƙwabta ai zazzaɓi ne. Aure nawa ya mutu a kan wannan, aka ce wai tsohon soja ba ya riƙe mace.

A wasu ƙasashen tsofaffin sojojin sun haɗa kai sun fito. A Thiaroye kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi suka nemi haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta. Faransa ta daɗe tana cewa 35 ne suka mutu, masana tarihi suna cewa sun fi haka nesa ba kusa ba. A Akra, ran 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna da takardar kokensu, aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta 'yancin Gana. Namu sun watsu ne cikin ƙauyuka, kowa a ƙarƙashin dagacinsa. Mai sa'a ya samu aikin ɗan doka ko masinja ko gadi a En'e, wanda ke nufin bakinsa ya rufu ke nan.

Ba a cika shekara 22 da dawowarsu ba aka sake buga ganga. Yaƙin basasa ya fara ran 6 ga Yuli 1967. Sojan Nijeriya da bai wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙin, ya kumbura ya kai kusan 250,000 a ƙarshensa. An kira tsofaffin 'yan Bama da ke da sauran ƙarfi, an kwashi samari daga kasuwa da tasha da gona, a ba su horon 'yan makonni a tura bakin daga. Zukata a lokacin a tafashe suke saboda kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a watan Janairun 1966. Rediyo ba ta da aiki sai waƙoƙin zuga soja, makaɗa da marubuta waƙa kowa ya ba da nasa. Duk wanda zai faɗi tarihin nan da gaskiya kuma dole ya faɗi cewa jinin bai fara zuba a kudu ba. A farkon Oktoban 1966 sojojin bataliya ta 5 a Kano suka yi bore, aka karkashe 'yan ƙabilar Ibo a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Akwai waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu, akwai kuma waɗanda suka ɗauki makami. Dukansu namu ne.

Da yawa daga 'yan Kano sun faɗa runduna ta 2 ta Kanar Murtala Muhammed. Wannan runduna ce ta ƙwato yankin Yamma ta Tsakiya cikin sauri, ita ce kuma ta shiga Asaba, inda ran 7 ga Oktoba 1967 aka tara ɗaruruwan maza farar hula aka harbe su. A cikin watan nan aka yi ta yunƙurin ƙetare kogin Kwara zuwa Anaca da jiragen ruwa, ana komowa da asara mai yawa. Ka tuna waɗannan yaran tudu ne, waɗanda babban ruwan da suka sani shi ne rafin da ke ƙafewa da rani. An loda su cikin jirgi da kaya a baya, wuta ta sauko musu daga ɗaya gaɓar, wanda harsashi bai samu ba ruwa ya ci shi. Ran 31 ga Maris 1968 kuma aka yi wa dogon ayarin motocinsu kwanton ɓauna a Abagana, tankar mai ta kama, wuta ta bi jerin motocin da mutanen da ke ciki. Waɗannan sunaye uku, Asaba da Anaca da Abagana, na ji su a bakin tsofaffin sojoji tun ban san inda suke a taswira ba.

Wani ƙanen mahaifina ya yi wannan yaƙi. Ya dawo da lafiyar jiki, ba ko ƙwarzane, amma har ya rasu ba ya cin gasasshen nama, kuma in ana babbakar kan rago da layya barin gidan yake yi. Sau ɗaya, yana jinyar ajali, ya yi mini zancen yaran da suka tarar a wani ƙauye bayan sun shiga, ciki a kumbure, gashi ya yi ja, ba su da ƙarfin gudu. Ya ce ya ba ɗaya biskit ɗin sojansa, yaron ya riƙe ya kasa kai wa baki. Daga nan ya juya fuska bango. Ƙiyasin da aka fi ambata na waɗanda suka mutu a yaƙin ya kai miliyan ɗaya zuwa sama, akasarinsu yunwa ce ta kashe su. Baffana bai san wannan adadi ba, yaro ɗaya ya sani, shi ya riƙe shekara arba'in.

Masu neman a tsayar da yaƙin ba su rasa ba, amma a sama suke. An zauna a Kampala a watan Mayun 1968, an zauna a Yamai a watan Yuli ƙarƙashin Shugaba Diori Hamani, an koma Adis Ababa, duk ba a cim ma komai ba. Wole Soyinka, da ya je ya gana da Ojukwu don neman hanyar tsayar da yaƙin, ya share kimanin shekara biyu a tsare, mafi yawansu a kurkukun Kaduna. A ƙasar Gwarzo da Kabo ba wanda ya ɗaga kwali. Ƙin yaƙi a wurinmu wata kama ya ɗauka: uwa ta tura ɗanta wurin dangi a wani gari har ɗiban kurata ya wuce, uba ya aika yaro gabas karatun allo, tsohon ɗan Bama ya rantse cewa in ɗansa ya sa kaki bai yafe ba. Baba Saje ya yi wannan rantsuwa, kuma a unguwa an san da ita. Ba ta da ƙungiya ko shugaba, shi ya sa littattafan tarihi ba su ƙirga ta ba. Ni ina ƙirga ta, domin wanda ya hana ɗansa ya san abin da yake hana shi fiye da mai waƙar zuga.

A daidai waɗannan shekaru, a Amurka, sojojin da suka dawo daga Biyetnam suka yi abin da ya sauya yadda duniya ke kallon wannan ciwo. Sun kafa ƙungiyar tsofaffin sojoji masu adawa da yaƙin a 1967. Daga 31 ga Janairu zuwa 2 ga Fabrairu 1971, fiye da mutum 100 daga cikinsu suka zauna a wani otal a birnin Detroit, kowa ya faɗi sunansa da rundunarsa, ya faɗi abin da ya gani da abin da hannunsa ya aikata ga farar hula. A watan Afrilu John Kerry ya maimaita shaidarsu a gaban kwamitin majalisar dattawa, washegari ɗaruruwansu suka yi jifa da lambobin yabonsu a ƙofar majalisa. An zage su, an ce maciya amana ne. Amma zaman da suka riƙa yi a junansu suna amayar da abin da ke cinsu, tare da likitocin da suka saurare su, shi ya kai ga shigar da ciwon cikin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980 da sunan PTSD, wato firgicin da ke bin mutum bayan ya tsallake bala'i. Alamominsa su ne mugun mafarki, razana da ƙara, gudun duk abin da zai tuno da abin, saurin fushi, da zama kullum cikin shirin ko-ta-kwana. Ranar da na fara karanta wannan jeri, dakalin Baba Saje na gani da bangon da yake jingina.

Mu a nan, da yaƙi ya ƙare ran 15 ga Janairu 1970, Janar Gowon ya ce ba wanda ya yi nasara ba wanda aka ci. Magana ce mai kyau, ta hana ramuwar gayya, amma ta zo da wani sharaɗi da ba a furta ba, wato kowa ya yi shiru. Waɗanda suka yi magana daga baya manyan hafsoshi ne, cikin Turanci. Obasanjo da Alexander Madiebo sun fitar da nasu littattafan a 1980, Alabi-Isama ya fitar da nasa a 2013, kowa yana kare matakin da ya ɗauka. Kurtun da ya iyo a Kwara ya fita da ƙyar, shi layin fansho aka bar masa. Na raka wani dattijo tantancewa sau biyu. Tun asuba muka bar gida, ya yini a tsaye da takardunsa cikin leda, da la'asar aka ce sunansa bai fito ba, ya dawo wani watan. A mota da muke komowa bai ce uffan ba har muka wuce Janguza. Ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya kowace 15 ga Janairu, a ajiye furanni, a saki tantabaru, kuma sau da yawa a cikin makonnin nan ne za ka ji tsofaffin sojoji sun tare ƙofar wata ma'aikata a Abuja da tabarminsu suna neman haƙƙinsu.

Sai a watan Oktoban 2022 aka ji kalmar PTSD daga inda ba a zata ba. A wajen aza harsashin cibiyar kula da sojoji masu wannan ciwo a Abuja, Aisha Buhari ta faɗa a bainar jama'a cewa mijinta ya yi shekaru yana fama da shi, bayan wata 30 a fagen yaƙin basasa ba tare da an duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa ba, da kuma tsarewar da aka yi masa bayan juyin mulki. Ta ce tana 'yar shekara 19 ta shiga gidan ta tarar da abin. Mutane sun mayar da zancen na siyasa, kowa ya ja shi inda yake so. Ni abin da na ji shi ne muryar matar soja, irin ta matar Baba Saje, wannan karon a gaban lasifika. In janar da ya mulki ƙasa sau biyu bai tsira ba, ina ga kofur ɗin da ya koma Durun ko Lakwaya da ɗan akwatinsa?

Kuma ba a daina dawowa ba. An dawo daga Laberiya da Saliyo a shekarun 1990. Tun 2009 ake dawowa daga Borno da Yobe, yanzu kuma daga dazuzzukan Zamfara da Katsina da ke bayan gidanmu. A watan Mayun 2014, a barikin Maimalari na Maiduguri, sojoji suka ga gawawwakin 'yan'uwansu da aka kawo, suka buɗe wa motar kwamandansu wuta. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, a watan Disamba ta yanke wa wasu 54 bisa ƙin fita yaƙi, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. Na yau suna da waya, wani lokaci sukan ɗauki kansu cikin daji suna kuka da rashin makami da daɗewa a bakin daga, bidiyon ya zagaya Facebook da WhatsApp kwana biyu, a kama mai maganar, a wuce wurin. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau yana nan, na Barnawa a Kaduna yana nan, amma saurayin da ya zo hutun mako biyu ba zai yarda a gan shi a ƙofarsu ba. Ya fi masa sauƙi ya nemi ƙwaya a bayan tasha.

Da sallar da ta wuce na je gida. Baba Saje ya daɗe da rasuwa, an rushe zauren an yi shago. Na tambayi jikansa akwatin ƙarfen nan, ya ce lambobin suna nan wurin wata gwaggonsa, littafin sallamar kuwa gara ta gama da shi. Muna tsaye sai ga wani yaron maƙwabta da ya zo hutu daga Borno, ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Sannu da zuwa, ɗana, yaya wajen naku?" Ya ce, "Lafiya lau, Baba, mun gode Allah." Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, kowa ya samu wuri a tsakiya. Shi ya ja gefe, ya zauna ya jingina bayansa da bangon shagon, fuskarsa tana kallon hanya.